Hagun Istifanus

Duk unguwar Badarawa babu wanda bai san Istifanus ɗan Baba Caleb ba, bahagon nan da ya girma yana shan ludayin Magajiya mai koko da ƙosai. Tun yana ɗan mitsitsi, in ya miƙo hagu zai karɓi ƙosai sai ta ƙwala masa a yatsu, amma hannun nan ko gezau. Da shi ya yi karatu, da shi ya koyi kwamfuta, da shi ya yi ta tsara katin biki a wani shago a Unguwar Sarki. Rana ɗaya ya ajiye aikin, wai shi wasan kwamfuta zai ƙirƙiro na koya wa yara lissafi. Baba Caleb ya ce ya ji, amma in damina ta wuce babu makarantar da ta karɓa, shago zai koma.

Wasan kuwa ya yi kyau. Wani yaro ne mai ƙaton kai, irin na mai shi, yake tsinko mangwaro yana kai wa wata tsohuwa. In ka ƙirga daidai ta rangaɗa guɗa. Malam Ɗahiru mai makarantar layin ya gani ya yaba, sai dai ko alli ba ya shiga makarantar nan sai uwarsa ta yarda. Uwar kuwa Magajiya ce.

Istifanus ya sha guga, ya je ya tsuguna gefen kaskonta, ya buɗe kwamfuta. Ta ƙura ido. Yaron ya miƙa mangwaro.

"Tsaya! Ɗan gidan waye wannan?"

"Mama, zane ne fa."

"Zanen ba shi da iyaye ne? Da hagu yake ba babba abu! Wallahi kai ka haife shi. Jikokina ba za su koyi rashin kunya ba."

Sai lokacin ya lura, don shi a idonsa daidai ne. Har ya fara jiyo warin tawadar shago. Nan a tsugune ya juya hoton, yaro ya koma miƙawa da dama, ya ƙara masa ɗan russunawa.

Magajiya ta kalla, ta sake kalla. "Yauwa, yanzu ya zama ɗan mutane. Ka ce wa Ɗahiru na yarda."

Ta tsamo ƙosai mai zafi ta miƙo masa. Murna ta kwashe gogan, ya kawo hannu. Na hagu.

Har bakin titi aka ji ƙarar ludayin.