Kunyar 'yar fari ta kusa raba ni da 'yata a Riyad

Assalamu alaikum, Edita da masu karatu. A lokacin da wannan abu ya faru ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Riyad, uwar 'ya'ya uku, mai saurin fushi da saurin baki, mai ganin babu wadda ta kai ni sanin tarbiyya. Ina amarya na zo ƙasar nan. A unguwar Gubaira muke zaune, maigidana yana aiki a wani kamfanin ajiyar kaya a unguwar Sulay, kuma duk yaranmu a nan aka haife su, har Larabci ya fi Hausa zama a bakinsu. Wannan ne ya sa na ɗaura ɗamarar cewa ko a ina muke, gidana gidan Hausa ne. Za a ci tuwo, za a durƙusa a gaida babba, ni kuma zan yi kunyar 'yar fari kamar yadda na taso na ga ana yi.

Babbar 'yata ita ce 'yar farina, kuma sunan mahaifiyar maigidana aka sa mata, kun ga kunya biyu ke nan ta haɗu a kaina. Tun ranar suna har ta zama budurwa ban taɓa kama sunanta ba. "Ke" nake ce mata, idan ina magana da wani kuma in ce yayarsu. Babanta yana ce mata Uwata, ƙannenta suna ce mata Yaya. Ban rungume ta a gaban mutane, ban yabe ta a gaban idonta. Idan ta zo ta ɗaya a aji, sai in ce mata ta ajiye takardar ta je ta ɗauraye kwanuka, ni kuma in shige ɗaki in yi sujadar godiya ina hawaye. A tunanina ta san abin da ke zuciyata, don ni ban taɓa jin ana tambayar uwa ko tana son ɗanta ba.

Sai korona ta zo. Aka rufe makarantu, yarinyar nan ta yi shekararta ta ƙarshe a sakandare a gaban kwamfuta, a kusurwar falo. Ni kuma aka mayar da ni sashen masu cutar. Na ware ɗakina da kwanona, idan na dawo aiki babu mai matsowa kusa da ni sai na yi wanka. Ita ta riƙe gidan, ta yi girki, ta zaunar da ƙannenta a gaban nasu darasin, ta kuma ci jarrabawarta da kyau. Mun riga mun yanke da babanta cewa da ta gama za ta koma Najeriya ta yi jami'a, don haka 'yan watanni kawai suka rage mata a gabana, amma ban tsaya na yi wannan tunanin ba.

Makaranta ta aiko cewa babu bikin yaye ɗalibai, kowa ya zo ya karɓi takardarsa ta taga. Iyaye mata na ajinsu suka ce ba za ta yiwu ba, yaran nan sun sha wahala. Wadda ta ja ragamar abin maƙwabciyata ce, Basudaniya, uwar babbar ƙawar 'yata. Suka shirya za su kama istiraha a wajen Sulay, wato irin gidan shaƙatawan nan mai fili da ake bayarwa haya. Ajin ƙarami ne, daga uwa sai 'yarta, ba za a wuce adadin da doka ta yarda a taru ba, a fili za a zauna, kujeru nesa da juna, kowa da takunkumi. Har nan ban ga aibu ba. Sai na karanta ƙarshen saƙon a guruf ɗinmu na waya. Tunda babu shugabar makaranta, kowace uwa ita za ta miƙe ta kira cikakken sunan 'yarta, ta ɗora mata hular kammala karatu, ta faɗi 'yan kalmomi a kanta. Wallahi nan take na san ba zan iya ba.

Maimakon in faɗi gaskiya, sai na ɓuya a bayan farar rigata. Na naɗi murya na tura guruf, na wanke su tas da Larabcina na asibiti. Na ce su ba su ga abin da nake gani ba, na ce don hula da hoto za su jefa yara a haɗari, na tuna musu tara da abin da zai iya samun iƙamar mutum, wato takardar izinin zama a ƙasar. Mata da yawa suka tsorata, saura kaɗan abin ya watse. Alhali ni na fi kowa sanin cewa tsarin nasu ya fi cunkoson da nake shiga a kanti tsafta. Da ƙyar maƙwabciyata ta lallashe su. Maigidana ya ce in bar yarinyar ta bi su tunda ba a karya doka ba, na ce ta je, amma ni ina da aiki ranar. Ko jadawalin ban duba ba. 'Yata kuwa da na faɗa mata, cewa kawai ta yi to Mama, ta ci gaba da yankan albasa.

Ana saura 'yan kwanaki maƙwabciyata ta kira ni da rana ina hutun cin abinci. Bayan gaisuwa ta ce wata 'yar alfarma take nema, in koya mata yadda ake faɗin sunan kakan 'yata daidai, don harshenta yana karya shi, kuma ba ta son ta ɓata wa yarinyar ranarta. Na ce sunan kakanta kuma na me? Ta ce ai ta ɗauka na sani, 'yata ta roƙe ta ta tsaya mata a matsayin uwa ta kira cikakken sunanta, har da na baba da na kaka. Ta ce yarinyar har ta ja mata kunne kada ta ga laifina, wai Mamanta ba irin wannan ba ce. Sai ta ƙara da abin da ta daɗe tana ɓoyewa. Ta ce tun suna firamare yaran suka tambayi 'yata ko riƙonta nake yi, don ba su taɓa jin na kira ta ba, ta zo gidanta ta yi ta kuka. Ta so ta gaya mini tun lokacin, tsoron bakina ya hana ta.

Ina ma a ce nadama na fara yi. Ina! Kishi ne ya turnuƙe ni. Ni na yi naƙudarta, wata can za ta tsaya a ce ita ce uwa? Ina isa gida na tsaya daga bakin ƙofar kicin na sauke mata kwandon masifa, na ce ta tona mini asiri a unguwa, ta je tana barar uwa kamar marainiya. Ta bari na gama. Sannan cikin Hausarta mai gauraye da Larabci ta ce ba ta yi don ta ɓata mini ba, ta san al'ada ce, Baba ya yi mata bayani tun tuni, kuma ba ta so ta tilasta ni. Ta ce kawai dai tana jin yadda nake kiran ƙannenta, ita kuma ga shi za ta hau jirgi ta tafi ba ta san yadda sunanta yake a bakina ba. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba, kuma hakan ya fi yi mini ciwo. Na juya na shige ɗaki.

Washegari na kira Hajiyata a gida, ina sa ran za ta goya mini baya, tunda ita har yau ba ta kama sunan yayanmu. Tana gama ji ta kwashe da dariya ta ce ashe boko bai raba ni da wauta ba. Ta tambaye ni lokacin da take kunyar yayanmu, a ɗakin wa yake kwana? Na ce ɗakin kaka. Ta ce wa ke goya shi, wa ke yi masa kirari, wa ke ɓoye masa ƙosai? Na lissafo mata goggonni da innoni. Ta ce to, ita ta ja baya ne don gida cike yake da masu nuna masa so a madadinta. Ni da na kulle yarinya a bene a ƙasar mutane, babu kaka babu goggo, da na ja baya wa na bar mata? Ta ce in sunan surukata nake jin nauyi, baiwar Allah tana kabari, kuma da tana raye ita za ta fara ranƙwashina. Na ajiye wayar na yi kuka sosai.

Na kira maƙwabciyata na ba ta haƙuri, na ce zan zo, amma kada ta gaya wa yarinyar, don ban yarda da kaina ba, ina tsoron in yi alkawari in kasa. Na tura wa guruf ban haƙuri, na ce ni zan kawo abin auna zafin jiki da man wanke hannu. Sai kuma na shiga gwaji. Abin dariya, abin tausayi. Ni da nake wuni ina riƙe hannun marasa lafiyar da aka hana danginsu shiga, ina kiran sunayensu don kada su ji su kaɗai ne, sai ga ni a banɗakin asibiti a gaban madubi ina kokawa da sunan 'yar da na haifa. Farkon faɗa sai da na waiga, kamar wadda ta yi sata.

Ranar bikin da la'asar ta bi maƙwabciyata, ta gaishe ni ta fita da rigar bikinta a leda. Suna tafiya na sa lesina a ƙarƙashin abaya, babanta ya kai ni ya tsaya a waje tare da sauran maza. Na zauna can baya. Da abaya da takunkumi babu mai gane wani. Iyaye suka yi ta miƙewa, wannan ta ce habibti, waccan ta ce hasken idona, ana tafi ana guɗa irin tasu. Da aka zo kan 'yata na ga ta juya tana kallon maƙwabciyata, ita kuwa ta yi zamanta tana gyara mayafi. Na miƙe na faɗi sunan, takunkumi ya haɗiye shi. Wata Bamisriya mai baki irin nawa ta ɗaga murya ta ce ba su ji ba, a ƙara. Na cika ƙirjina da iska na kira shi da ƙarfi, da na babanta, da na kakanta.

Yarinyar nan ba ta motsa ba. Ta san muryar, ta san sunan, amma ba ta taɓa jin su tare ba, sai ta tsaya tana waige-waige. Da idonta ya faɗo kaina ta dafe baki ta kan takunkumi, ta taho tana tuntuɓe da rigar. Duk jawabin da na shirya da Larabci ya gudu. Da Hausa na ce mata ita ce farkon farin cikina a duniya, kuma duk ranar da ta kawo sakamako na kore ta wanke-wanke, ɗaki nake shiga in yi kuka. Na ɗora mata hular a karkace, na riƙe hancina na rangaɗa guɗa irin tamu, matan nan suka ruɗe da dariya suna cewa in sake. Babanta ya ce tun daga waje ya gane tawa ce.

Yanzu tana jami'a a gida, hutu kuma tana wajen Hajiyata, wadda ke ta shagwaɓa ta kamar tana biyan bashin shekarun baya. Ban zama Balarabiya ba, har yau wani lokaci "ke" ɗin yana riga ni fita, ita kuma ta yi shiru a waya da gangan sai na gyara, mu yi dariya. Ban ce kunya banza ce ba, ina ganin darajarta har gobe. Amma 'yan'uwana iyaye, musamman mu da muke renon yara a ƙasar wasu, ku duba da kyau kafin ku ɗauko al'ada ku dasa a inda babu dangin da ke tallafe ta. Kada kuma ku yi irin nawa, ku fake da wani dalili mai kyau don ku guje wa abin da kuke jin nauyi. Yaro ba ya ganin sujadar da kuka yi a ɗaki, abin da ya ji da kunnensa shi yake tafiya da shi. Ni Allah ya rufa mini asiri, annoba ta rufe makaranta har aka rasa mai kiran sunan 'yata sai ni. Wanda nasa ɗan yake gabansa yau, kada ya jira irin wannan, ya kira shi tun yana kusa da zai amsa.