Yinin Mas'udu a Wida

Mas'udu ɗan Karakkai direba ne, irinmu masu zuwa Kwatano mu ɗauko motocin da jirgin ruwa ya sauke, mu koro su har Gusau. Ni Idris tare muka yi wannan aiki, kuma wallahi ban taɓa zama da mai taurin kai irinsa ba. Gona ya baro yana saurayi, ya yi karen mota, ya koyi tuƙi, ya kama gida a Damba da matarsa Uwani. Ba taba, ba goro, ba ƙarya. Ko a bakin iyaka, in an tambaye shi abu sai ya faɗi yadda yake, mu da ke bayansa mu kwana a layi muna tsine wa gaskiyarsa.

Ƙanwa ɗaya gare shi, Luba, tana aure a Bunguɗu. Mijinta Mannir, mutum mai dariya da surutu, shi ya dame shi sai ya sa shi a hanyar Kwatano. A daminar 1997 muka tafi da shi, zuwansa na farko.

Jirgi ya yi jinkiri, zaman banza ya ishe mu. Wani Bazabarme mai shayi ya ce mu je Wida mu sha iska, tsohon gari ne a bakin teku, ba nisa. Ni zazzaɓi ya kwantar da ni, su biyu suka tafi.

Mas'udu ya ce mini bai taɓa yini mai daɗi irin wannan ba. Gari shiru, tsofaffin gidajen Turawa duk fenti ya ɓare, awaki kwance a inuwa. An nuna musu ɗakin da ake ajiye mesa, Mannir ya leƙa ya fito da gudu yana salati, har yara suka yi ta dariya. Suka bi doguwar hanyar yashi da aka ce ta nan ake kora bayi zuwa jirgi, har bakin ruwa. Suka sha ruwan kwakwa, suka ci soyayyen kifi, mai hoto ya ɗauke su. Suka yi azahar a kan yashi, suka kishingiɗa.

Can sai Mannir ya tuɓe riga. Matar da ta sayar musu da kifi ta taso tana kaɗa hannu, tana magana da yarensu, ba wanda ya ji abin da take faɗi. Mannir ya ce wa Mas'udu, "Yaya, wanga ruwan? Ni da nake ƙetare gulbin Bunguɗu ya cika ya batse?"

Kuma ba cika baki yake ba, gwani ne. Amma a gulbi, in ruwa ya ja ka, ba ka faɗa da shi. Binsa kake kana karkacewa har ka fita a wancan gefe. Haka Mannir ya yi da ruwan ya ja shi, ya bi shi hankali kwance, har yana ɗaga wa Mas'udu hannu. To teku ina ta ga wancan gefe? Mas'udu na tsaye yana kallo, kan Mannir ya ƙanƙance, ya ƙanƙance, ya ɓace. Masunta sun fita da kwalekwale, sun kwana biyu suna nema, ko wandonsa ba a gani ba.

A hanyar dawowa na tsayar da mota na ce, "Mas'udu, ka saurare ni. In mun isa ka ce an tsamo shi, mun yi masa sutura, mun rufe shi. Ni zan tsaya maka shaida. In ba haka ba ka san abin da zai sami Luba. Matar wanda ya ɓata ba ta takaba, ba ta aure."

Ya ce, "In dafa Alƙur'ani a kan kabarin da babu shi?"

Na ce, "Mutumin nan ya mutu! Kai ma ka sani!"

Ya ce, "Na sani. Ban gani ba."

Har yau in na tuna maganar nan raina ɓaci yake.

Inna Hajjo, uwar Mannir, ta hana a shimfiɗa tabarmar gaisuwa. Ta ce ɗanta ruwa ba ya cinsa, yana can wani gari zai dawo. Dangin Luba suka kai magana gaban alƙali. Alƙali ya tambayi Mas'udu ko ya ga gawa. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ruwa na ga ya tafi da shi." Shi ke nan. Aka ce Luba ta jira shekara huɗu, sannan ta shiga takaba. Ta koma ɗakinta a gidan Inna Hajjo da goyonta, ga ta yarinya ɗanya shar, kuma daga ranar ba ta sake amsa gaisuwar yayanta ba.

Abin ya ci Mas'udu, ya rame ya zama kamar kara. Duk zuwanmu Kwatano sai ya saci yini ya koma Wida da hoton nan, yana bin masunta yana nuna musu, suna girgiza kai. So yake ko ƙashi a ce an tsinta, ya zo ya faɗa da gaskiyarsa. Bai samu ba. A 1999 taya ta fashe masa gab da Tsafe, motar ta yi ta wuntsilawa, nan take ya cika.

Luba ta zo Damba bayan mun dawo daga maƙabarta. Ta tarar da ni a zaure ina naɗe tabarmi. Idonta a bushe.

Ta ce, "Malam Idris, ka gan shi da idonka?"

Na ce, "Ni na yi masa wanka."

"Kun sa shi a rami?"

"Da hannuna."

Ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakin Uwani, inda mata ke ta kuka. Ta ce, "To Uwani ta huta. Wata huɗu da kwana goma ne nata."

Na ce ta shiga ta kwana, gidan ɗan'uwanta ne. Ta gyara goyo ta ce ba hali, gara ta sami motar Bunguɗu tun da rana, don Inna Hajjo ba ta yarda a rufe tukunya ba a zuba wa Mannir tuwonsa an ajiye ba.