Malam Lawali da tabarmar da ke riga mu isa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina tsaye bakin kasuwar Gaya, ina raba gardama tsakanin mai albasa da direban kamiyo, wato babbar motar kaya, waya ta yi ƙara. Ƙanen matar Malam Lawali ne daga Yamai. Ya ce Malam ya cika bayan sallar asuba.

Na bar su da albasarsu. Tun da nake dillanci ban taɓa barin ciniki a tsakiya ba sai yau.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Lawali ɗalibin jami'a ne mai neman digirin dokta. Tez ɗinsa, wato littafin binciken da zai kare gaban malamansa, a kan taimakon da ake raba wa talakawa ne: wa ake sakawa a listi, wa ake tsallakewa, kuma me ya sa. Mutumin Tawa ne, ba ya jin Dendi, yarenmu na nan, bai san hanyoyinmu ba. Aka ce masa ya nemi Hamidu dillali, yana da moto, wato babur, yana da baki, ya ɗan taɓa lakwal, wato boko.

Ni ke nan.

Ranar farko na ce masa Dokta. Ya ce, "Tukuna, Hamidu. Kada ka sayar da ni tun ban nuna ba."

Nan na gane wannan baƙon ba irin na kullum ba ne.

Gaskiya ɗaya zan faɗa, tunda yau ba ranar ado ba ce. Kafin zuwansa na ga masu anketi iri-iri, masu zuwa da takarda suna ƙidaya awaki da katifu. Na san tambayoyinsu kamar yadda na san farashin gishiri. Har darasi nake ba mutane. In ka ji ƙarar motarsu, a kora awaki gidan maƙwabci, rediyo ya shiga rumbu, mai gida ya sa rigar gona. Mutane da dama sun shiga listi ta bakina, kuma ban taɓa jin kunya ba. Ina ganin wayo ne, wayo kuwa abincin ɗan kasuwa.

Mutum ɗaya ne ya ƙi darasina. Kawu Gado, wan mahaifiyata, tsohon masunci a Tunuga. Jirginsa ya ruɓe a bakin kogi, idonsa ɗaya ya tafi, 'ya'yansa maza sun ƙetare ruwa neman abinci, ba a jin su sai sa'i-sa'i. In da mai buƙata a garin nan, shi ne.

Na ce, "Kawu, kai ba sai ka ɓoye komai ba. Ka zauna yadda kake kawai."

Ya ce, "Ɗan nan, baƙo ya taso tun daga Doso in zaunar da shi a ƙasa? Uwarka haka ta koya maka?"

Ya aika aka aro masa tabarma mai kyau da kujeru biyu da butar shayi. Ya sa rigar sallarsa. Masu anketi suka zo, suka sha shayi, suka duba, suka rubuta abin da suka gani. Listi ya fito ba sunansa.

Ni kuwa na yi ta ba da labarinsa a kasuwa ana dariya. Allah Ya yafe mini.

To, da na kai Malam Lawali Tunuga, mutane sun ɗauka shi ma mai listi ne. Ya rantse ba shi raba komai, ba wanda ya yarda. Masu hali suka ɓoye nasu. Marasa hali suka shiga aro. A unguwar Kawu tabarmar kirki ɗaya ce, ta gidan Hajara mai tuwo, ja da kore, da ƙunar gawayi a gefe guda. Gida uku suka roƙe ni in ja baƙon a hankali, don mata su samu miƙa ta ta saman danga kafin mu iso.

Sai na riƙa zagayawa da shi. Mu fita gida, in ce, "Malam, zo ka ga inda ake saƙar taru." Mu fita na biyu, in ce, "Malam, ba ka ga kogi daga nan ba."

A gida na uku, wato gidan Kawu, ya zauna, ya ɗora yatsa a kan ƙunar gawayin nan, bai ko kalle ni ba ya ce da Faransanci, a hankali, "Hamidu, wannan tabarmar ta fi moto ɗinka gudu."

Wallahi na yi zufa. Ni da nake sayar wa mutumin Malanbil barkonon da ya kawo da kansa.

Na jira faɗa. Bai yi ba. A hanyar komawa ya sa na tsaya ƙarƙashin wata tsamiya, ya ciro kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, ya ce in ba shi labarin duka, har da nawa darasin. Na ba shi. Da na kai kan Kawu na yi 'yar dariyata ta kasuwa. Shi bai yi ba.

Ya ce, "Kai kana ganin kawunka ne bai waye ba. Ni ina ganin takardar ce ba ta da tarbiyya. Ta shiga gidan mutum, ya karrama ta, ta hukunta shi a kan karamcin."

Tun daga ranar tez ɗinsa ya canja hanya. Damina biyu muna yawo, Tunuga, Bana, har Zabori, yana neman irin su Kawu, mutanen da kunya da mutunci suka cire daga listi. Ashe suna da yawa. Ni da nake cewa na san ƙasar nan kamar aljihuna, ban taɓa ganinsu ba, don ba su da abin da za su ɓoye balle su nemi shawarata.

Ƙananan abubuwa ne ke ta dawo mini tun safe.

Ranar da tayarmu ta fashe kusa da Bana, shi ya tura moto, ya ce ni in riƙe jakar, don jakar ta fi shi daraja.

Bai taɓa gyara mini Faransanci gaban mutane ba. Sai mun keɓe ya ce, "Abin nan da ka faɗa ɗazu, kalma ce ko kai ka ƙera ta?"

Ya ji tsohuwata na kukan gwiwa sau ɗaya. Duk zuwansa daga Yamai da man shafawa a jakarsa.

Kuma kifi. Mutumin tudu, bai iya cire ƙaya ba. Matan Tunuga har leƙowa suke su ga Malam na kokawa da karfasa.

Zuwanmu na huɗu gidan Kawu, an sake aro tabarmar Hajara. Malam ya yi sallama, ya durƙusa, ya naɗe ta da hannunsa, ya jingina ta da danga, ya zauna a ƙasa.

Kawu ya ɓata rai. Ya ce, "Malam, raina ni ka yi?"

Malam ya ce, "Baba, har yaushe zan zama baƙo a gidan nan?"

Kawu ya dube shi, ya dubi tabarmar da ke jingine da danga. Can ya ce wa matarsa, "Kawo mana abin da ke akwai." Aka kawo kunun da ba sukari. A ranar ne Kawu ya yi magana ta gaske, tun daga shekarar da kifi ya fara ja baya har zuwa ranar da aka karanta listi yana tsaye a bayan taro. Na fassara abin da ya faɗa da Dendi, ban ƙara ba, ban rage ba. Ina jin shi ne karo na farko a rayuwata.

Na taɓa ce wa Malam ya saya wa tsohon tabarma mana, ya huta da aro. Ya ce, "In na saya masa, na ƙara nisanta shi da listi ke nan." Muka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki.

Ganinmu na ƙarshe bayan girbin shinkafa ne, a tashar Gaya. Ya rame, rigarsa na yawo a jikinsa. Na ce, "Malam, karatun nan cin ka yake." Ya ce gajiya ce. Ya ce saura babi ɗaya, kuma kafin ya tsaya gaban malamansa sai ya dawo Tunuga ya karanta wa mutanen abin da ya rubuta a kansu.

"Wanda aka auna shi ya kamata ya fara jin awon," in ji shi. "Kai za ka fassara. Amma abin da na ce, Hamidu, ba abin da zai sayu ba."

Na ce, "To, Dokta."

Ya leƙo ta tagar mota ya ce, "Tukuna."

Ashe tukunan ke nan.

Yanzu roƙona ga abokan karatunsa da malamansa da ke Yamai, na san wasunku na ganin abin da nake rubutawa a nan. Aikin yana cikin ordinatarsa, wato kwamfuta, da kaye-kayensa. Don Allah kada a rufe shi tare da shi. Ni ban san yadda ake kare tez ɗin wanda ya rasu ba, wannan naku ne. Abin da na sani, har yau sunan Kawu Gado ba ya listi, kuma wata rana wata mota za ta sake zuwa da takarda iri ɗaya. Ku kai aikin inda masu tsara takardar za su gani. Ku kuma aiko mana ko shafi goma ne. Moto na nan, bakina na nan. Zan kai Tunuga in karanta yadda ya rubuta.

Ɗazu na je na gaya wa Kawu, don ba labarin waya ba ne. Ya daɗe yana murza carbi. Sannan ya ce in sanar da mutane, ranar Juma'a bayan an sauko za a yi wa Malam addu'a a gidansa. Ya juya ya ce wa matarsa ta leƙa gidan Hajara ta aro...

Bai ƙarasa ba.

Ya ce, "A'a, bar ta. Ɗan gida ne. A ƙasa za mu zauna."

Allah Ya jiƙan Malam Lawali, Ya yafe masa kurakuransa, Ya shimfiɗa masa abin da ba na aro ba a gidan gaskiya. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya raya abin da ya bari. Duk wanda idonsa ya kai nan, ko bai san shi ba, ya taimaka masa da Fatiha. Wanda ke kusa da Tunuga kuma, Juma'a gidan Kawu Gado. Kada kowa ya zo da tabarma.