Hannun da Ya Sayar da Mataccen Iri

Ƙannena, ba a haife ni macuci ba. A gidan Kirista na tashi, a wani ƙauye kusa da Urafane, muna zaune lafiya da maƙwabtanmu Musulmi. Na taɓa lakwal, wato makarantar boko, kaɗan na bari, na koma yi wa wani ɗan kasuwa awon hatsi.

A bakin tiya abin ya fara. In ina auna wa mutum gero sai in cusa babban yatsa cikin tiyar, abin da ya ragu ya zama nawa. Ba wanda ya lura, ni kuwa ina ganin wayo ne. Daga baya na gano cewa manomanmu in sun ga wake da jar hoda a jikinsa, sun gama yarda iri ne mai magani na furoje, wato shirin tallafa wa manoma. Sai na riƙa sayen tsohon waken da ƙwari suka cinye wa ciki, in cuɗe da jan galura, in sayar a kasuwarmu da ta Gidan Amumune.

Cikin masu saye har da Baba Nomau, dattijon majami'armu, aminin mahaifina marigayi. Ko ƙyafta ido ban yi ba na auna masa. Ruwa ya sauka, ya shuka, gona ta zauna fayau. Ba shi kaɗai ba. Manoma suka kai ƙara, jandarmomi suka ɗauke ni, aka rufe ni a kason Tasawa.

Zaman kaso bai ci ni kamar yadda na ci kaina ba. Na tsani kaina, na tsani hannun damana. Baba Nomau yakan zo da dambu cikin kwano, in ƙi fitowa, ya bar saƙon gaisuwa ya tafi. Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Da aka sallame ni, na koma gida amma ban koma cikin mutane ba. Ba na ba kowa hannu. Tuwo a bayan ɗaki nake ci ni kaɗai. Ranar Lahadi sai in tsaya gindin dogon yaro ina jin waƙa daga nesa, ina ce wa raina Allah ma ya gaji da irina.

Ranar da ruwan shuka ya sauka, sai ga Baba da sungumi da ƙwaryar wake. Ya ce idonsa ya yi rauni, shi zai yi sara, ni in bi ina zuba iri ina binnewa. Wannan waken shi ke nan irin da yake da shi, maƙwabcinsa Malam Idi ne ma ya taimaka masa da shi. Na ja da baya, na ce ya rufa mini asiri, hannuna duk abin da ya taɓa mutuwa yake yi.

Ya kama hannun nan nawa ya tura cikin ƙwaryar. Ya ce, "Ɗana, kai da ka san kasuwa. Yesu da jininsa ya fanshe ka, bai taya ka da araha ba. Kai wane ne da za ka karya farashin?"

Na bi bayansa ina zubawa ina binnewa. Kwanakin da suka biyo baya kullum ina gefen gonar ina roƙon Allah kada laifina ya sake shafar tsohon nan. Wata safiya na iske wake ya huda ƙasa, layi-layi, kore shar. Na durƙusa na yi kukan da ban yi ba ko a kaso. Baba ya dafa kafaɗata ya ce, "Waccan shekara iri ne ya mutu, ba kai ba."

Lahadin nan na shiga majami'a, na ba kowa hannu. Na bi manoman da na cuta gida-gida na roƙi gafara. Wasu sun yafe, wasu har yau ba sa amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinsu ba.

Ƙannena, ku ji tsoron ɗan yatsan nan na cikin tiya, shi ya kai ni kaso. Wanda kuma ya riga ya faɗi, kada ya yanke wa kansa hukuncin da Allah bai yanke masa ba. Na koma awo a kasuwar Urafane. In kun biyo, ku dubi hannuna da kyau: yatsuna duka a waje suke.