Sikanar Baffa

Bango ɗaya ne tsakanin kemis ɗina da shagon Baffa, a bakin titin Tudun Wada. Ni maganin mutane nake sayarwa, shi kuwa na dabbobi: na tsutsar ciki, na kaska, da gishirin lasa. Aminin mahaifina ne, kuma tun da mahaifina ya rasu shi ya tsaya mini. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Shekarar da na sa kwamfuta a shago, na ce zan shiga Kano in sayo sikana mara waya, wadda ake haska wa zanen layi-layin jikin kwali, ta yi ƙara, sunan magani ya fito a allo. Baffa ya ce in haɗo da tasa, tunda ɗansa ya aiko masa da kwamfuta tana zaune tana shan ƙura. Na sayo biyu iri ɗaya.

A layinmu kuwa aro ba abin tambaya ba ne. Tsintsiya, benci, buta, duk yawo suke. Sikana ma ta shiga sahu. In cajin tasa ya ƙare sai ya ɗauki tawa, in bi shi in haɗa ta da kwamfutarsa. In tawa ta mutu in ɗauko tasa. A haka na'urorin suka saba da shagunan biyu har suka rikice. Sai Baffa ya haska kaya a can, sunan ya faɗo a allona.

Da farko abin dariya ne. Kullum ya buɗe shago sai ya gwada ta a kwalin maganin tsutsa, kamar mai duba ko ta kwana lafiya. Da na ga sunan a allo sai in ɗaga murya: "Baffa, ina kwana?"

"Uwata, sallamata ta iso ke nan?" in ji shi ta bayan bango.

Wata ranar kasuwa, wata Bafulatana daga wajen Doguwa ta zo da ɗanta jikinsa zafi rau. Na ba ta magani, na buga mata 'yar takardar da ke nuna yadda za a sha. Ba ta karatu, ta ce a ruga za a karanta mata. Har ta kai ƙofa idona ya faɗa kan allo: maganin tsutsar shanu da Baffa ya haska a can ya shiga takardar yaron. Na bi ta da gudu na karɓe. Na gyara, na buga mata wata.

Washegari na zaro takardar saitin da ta zo a kwalin sikana. Aikin ba wuya. Ka haska zane ɗaya, ta manta duk kwamfutar da ta sani. Ka haska wani, ta ɗaure da guda ɗaya tak. Sannan ka sa mata lambar sirri. Ina cikin yi Baffa ya shigo, na yi masa bayani tun daga farko. Ya saurara har na gama.

"Wato kin sa mini kwaɗo," ya ce.

"Haba Baffa, ba kai na sa wa ba."

"To wa ke shigo miki ban da ni?"

Na ci gaba da saitin. Ya koma ya kawo tasa, ya ce ita ma in ɗaure ta. Na ce ya zaɓi lambarsa. Ya ce, "Ke zaɓa. Ni ba ni da abin ɓoye miki."

Daga ranar ko buta bai ƙara ara ba. Abin ya yi mini ciwo, ya kuma ba ni haushi, don na san gaskiyata, kuma ko yau aka maimaita haka zan yi. Amma allo ya yi tsit da safe, na rasa abin da zan amsa wa. Sai na fara zagayawa da ƙafata in durƙusa in gaishe shi. Yana amsawa, a taƙaice. Muka ɗauki lokaci a haka.

Wata safiya sai ga shi da sikanarsa a hannu, ya dire ta a kan kantata yana kallon gefe.

"Ba aro na zo ba," ya ce. "Caji za ki sa mini, in shi ma ba a sa masa lamba ba."

Na yi dariya har da ƙwalla. Ya ja benci ya zauna, ya tambayi yaron nan na Doguwa, ko ya warke. Ashe duk tsawon lokacin abin na ransa.

Baffa ya rasu bayan damina, Allah ya jiƙansa. 'Ya'yansa suka tafi da kwamfutar, suka bar mini sikanar. Na san lambarta, ni na zaɓa, kuma haɗa ta da kwamfutata ba zai ɗauke ni komai ba. Har yau ban yi ba. Ina dai sa mata caji. Wani lokaci in na buɗe shago sai in haska ta a jikin kwali, ta yi ƙararta yadda ta saba, in juya in dubi allo. Babu abin da ke fitowa.