Muryar da Na Ara wa Mai Fura

Aikina na farko, kafin in shiga gidan rediyo, shi ne magana a majigi. Finafinan da muke yawo da su a mota ba su da murya. Bayan sallar magariba sai a kafa farin ƙyalle a haska su, ni kuma ina tsaye gefen inji da lasifika, ina gaya wa jama'a abin da ke faruwa. Idan mutum ya motsa baki a hoton, ni ke sa masa magana. Abin da na ce ya ce, to shi ya ce.

Wata shekara da kaka, bayan an cire gyaɗa, Baturen da muke aiki a ƙarƙashinsa ya ce za a ɗauki sabon fim na tsafta a ƙasar Karaye. Labarin gajere ne: gida biyu, mata biyu. Ɗaya tana wanke ƙwarya tana rufe abinci, iyalinta lafiya lau. Ɗayar ƙazama ce, ƙuda ya cika mata fura, mijinta ya sha ya kwanta. Maza ba su yi wuyar samu ba. Da muka isa Rogo har gardama aka yi kan wanda zai fito a mijin ƙazama, daga ƙarshe wani mahauci mai barkwanci ya samu.

Mata ne suka gagara. Mai unguwar da aka haɗa mu da shi ya saurari bayani har ƙarshe, sannan ya ce babu magidancin da zai yarda a haska fuskar iyalinsa a fili. Aka yi shawara. Matar kirki dai aka ce ba sai an ga fuskarta ba, tunda ai ta kirki ce. Aka ɗaura wa direbanmu zane, aka lulluɓe shi, aka ɗauke shi ta baya yana shara, aka ɗauki hannayensa yana kifa faifai a kan ƙwarya. Amma ƙazama, Bature ya ce dole a ga fuska, don a fuska ake gane wauta.

Mai unguwa ya ce akwai wadda ba ta da mai hana ta. Wata Bafilatana ce daga wajen Fulatan, mijinta ya rasu, tana zaune bayan kasuwa da tsohuwar uwarta. Furar da take damawa a gindin tsamiya ita ce abincinsu su biyu, ba gona, ba saniya. Na taɓa shan furarta. Tana ɗauraye ludayi tsakanin mai saye da mai saye, abin da ban ga wata na yi ba a kasuwar.

Ni na yi mata tafintar maganar Bature. Na ce wasa ne don a koya wa mutane tsafta, kuma za a ba ta turmin zane. Ta tambaya ko mutane za su san wasa ne.

"Ni ne mai magana, Inna," na ce. "Da bakina zan gaya musu."

Ranar ɗauka muka tarar da gidanta fes. Sai da muka sa aka kwaso shara daga mahauta aka watsa a tsakar gida. Ƙuda ya ƙi sauka kan fura, ya fi son sharar. Mahaucin ne ya kawo dabarar a shafa zuma a bakin ƙwarya. Ƙwaryar tata ce, babba, da ɗinkin jan zare inda ta taɓa tsagewa, duk mai cin kasuwar Rogo ya san ta. Ta nemi a ɗauko wata, Bature ya ce wannan ta fi kyau a hoto. Aka sa ta sosa kai, ta tsoma hannun a fura. Sau uku ta yi kafin ya gamsu. Da muka tafi ta fara shara.

Fim ya dawo wajen bazara. A Karaye muka fara nuna shi, a nan na gwada muryar. Na siranta ta, na karya Hausar irin ta wadda ta tashi a ruga, duk da cewa Hausarta ta fi ta direbanmu fita. Inda ta miƙa wa mahauci ƙwarya, bakinta na motsi, sai na ce, "Sha mana, maigida, ƙuda ma ai nama ne." Fili ya ɗauki dariya har sai da na dakata. Ban taɓa samun irin wannan ba. Bature ba ya jin Hausa sosai, amma yana jin dariya, ya dafa kafaɗata.

A Rogo na cika alkawari. Na ce wasa ne, na faɗa sau ɗaya, a farko, lokacin da inji ke ƙara kuma mutane na ta neman wurin zama. Sannan na yi muryar. Da ƙwaryar ta cika ƙyallen, jan zaren ya fito baƙi ƙirin, ƙuda na yawo a kansa kowanne kamar ɗan tsako, wani daga bayan fili ya ce, "Wallahi ita ce, jiya na sha a ciki."

Ba wanda aka ruɗa. Rabin mutanen nan sun ga lokacin da aka kwashi sharar. Sun san wasa ne, amma duk wanda ya ɗaga ludayi a gindin tsamiyar nan sai ya tuna hoton, sai ya ajiye. Matan aure kuwa ba su fito kallo ba. Lasifika ce ta tsallake katanga ta same su a tsakar gida, suka ji mace na cewa ƙuda nama ne, suka hana aike wurinta.

Mahauci ya zama abin so. Ana kiransa mai ciwon ciki, yana riƙe tumbi yana murguɗa baki, namansa na ƙarewa kafin azahar. Direbanmu ma ya sha yabo ba tare da an san shi ne ba. Dattawa suka riƙa cewa haka ake son mace, ko waiwaye ba ta yi ba. Wani ya matsa wa mai unguwa ya gaya masa 'yar gidan wa ce, ko tana da ƙanwa.

Ranar kasuwa ta gaba da hantsi mai furar ta same ni ina goge lasifika a bakin mota. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi gajiya, ta tambayi iyali, ba ta tsallake komai ba. Sannan ta ce kwana shida ke nan furarta na tsami a ƙwarya. Ba ta ce a daina nuna fim ba. Ta roƙi dai idan an zo inda fuskarta ta fito, in tsaya in ce sharar kawo ta aka yi, zuma kuma shafa ta aka yi.

"Malam, ni ban ce ƙuda nama ne ba."

"Na sani, Inna. Wasa ne."

"Ka san abin da nake faɗa a wurin? Da Fulatanci nake ce wa mahaucin ya riƙe ƙwaryar da kyau, ta uwata ce."

Na ce zan gaya wa Bature. Ban gaya masa ba. Na san amsarsa, cewa bayani zai ɓata darasi, amma ba wannan ne dalilina ba. Wurin da take so in tsaya, nan ne ake dariya.

Na ji labarin ta koma kai fura Zoza, tana sammako a ƙafa, inda ba a ga fim ba. Takardar rangadinmu tana aljihuna, kuma Zoza na ciki, bayan mako biyu. Zan iya cewa hanya ta lalace, direba zai goya mini baya. Muka je. Na yi muryar, na ƙara mata tari da jan majina, abin da ban yi a Rogo ba.

Ganina da ita na ƙarshe a hanyar Karaye ne, muna cikin mota. Ta bar fura, tana ɗauke da itace, abin da ba a sawa a baki. Gammon da ke kanta wani yanki ne na zanen da muka ba ta. Ta ratse gefe don mu wuce, ba ta ɗago ba.

Da damina ta faɗi aka kira ni gwajin murya a gidan rediyo a birni, bisa takardar da Baturen ya rubuta a kaina. Na karanta musu labarai, na karanta sanarwa, suna ta rubutu. Sai babbansu ya ce sun ji akwai wata muryar mai fura da nake yi, ko zan yi musu. Na gyara tsayuwa gaban abin magana, na yi.