Jinjina ga Malam Attahir, Mai Kwalbar Ruwan Tafki

Kafin rana ta yi zafi Malam Attahir ya riga ya goge madubinsa na duba ƙwayoyin cuta a gidan likita na Tanout, ya zauna jiran jinin mutane da fitsarinsu. Aikin da kowa ke toshe wa hanci shi ya riƙe tun zamanin Nasara har bana, 1968, da ido ya tilasta masa ajiyewa. Rissa makiyayi ya shaida cewa shekarar sanƙarau Malam ya ɗora madubin bisa raƙumi ya bi su har rugga. Matan Falanko kuwa har gobe suna ce masa "mai ganin ciwo tun yana jariri".

Sai dai kowane gwani da tasa wautar. Ta Malam wata kwalba ce ta ruwan tafkin Gangara da ke kan tagarsa. Cikinta akwai wasu halittu da ido ba ya gani, diyatom, masu ɓawo kamar akushi da murfinsa. Wani likita Bafaranshe ya taɓa faɗa masa cewa in za su ƙaru, rabewa suke yi, kowane rabi ya gina sabon gindi a cikin tsohon, don haka zuriyar sai ƙanƙancewa take. In sun kai maƙura, kuma sanyi ko haske ko gishirin ruwan ya sauya, sai biyu su haɗu, su tuɓe ɓawo, su haifi babba kamar kakansu. Malam ya sa wa ransa sai ya ga wannan haɗuwa kafin idonsa ya tafi.

Ya riƙe kwalbar kamar baƙo. Ba ya bari sanyi ya taɓa ta, ba ya ƙara mata ruwa sai na tafkinta. Halittun suna ta ƙanƙancewa, idonsa yana ta dushewa, haɗuwa shiru.

Da ɗarin bana matarsa Tabawa ta tashi yaɓen ɗaki, ta fitar da kwalbar tsakar gida ta manta da ita kwanaki. Da ta ga ruwan ya ja baya, ta ƙara mata guntun ruwan rijiya mai kanwa da ya rage a kwano, don 'yar Damargu irinta, da ta tashi cikin ƙarancin ruwa, ba ta zubar da ruwa a ƙasa. Malam ya ji labari, ya dafe kai.

"Kin kashe min su, Tabawa."

"Haba Malam, ruwa ne ya kashe na ruwa? Duba mana."

Ya jawo madubin, ya ɗiga ruwan a gilashi, ya kafa ido, ya murza, ya sake murzawa. Hazo kawai yake gani. Sai ya matsa gefe ya ce, "Zo ki ara min naki idon."

Tabawa, wadda ba ta taɓa leƙa madubin ba, ta rufe ido ɗaya da gefen mayafi.

"Ga 'yan akusan naka. Lah! Biyu sun manne, Malam. Sun zubar da murafensu, ga wani abu a tsakani ya kumbura kamar ƙullu."

"Ya fi su girma?"

"Nesa ba kusa ba."

"Ƙara faɗa min, a hankali."

Ta ƙara faɗa. Hawaye na bin gemunsa, yana dariya, yana cewa ashe gatan da ya yi musu ne ya hana su. Wanda bai ji tausayi a wurin ba, to ba shi da zuciya.

Malam Attahir, kai ne ka ƙarar da idonka a kan ciwon wasu, har ranar da ka buƙace shi don kanka ya ce ya gaji. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya bar ka da Tabawa. Ku kuma masu sauran gani, ku duba wa mutane tun da hali. Da aka tambaye shi ko yana baƙin cikin rashin ganin abin, cewa ya yi, "Wa ya ce ban gani ba? A gidana ido huɗu ne, biyu ne kawai suka yi murabus."